Shanu Ashirin da Uku a Kan Allo

Shekarar da ta biyo bayan babban fari aka kawo mana littattafan nan, kuma har yau in na tuna su sai na ji bakina ya yi ɗaci. Lokacin ina koyar da aji uku a wata firamare da ke bayan garin Haɗejiya, can inda gidaje suke ƙarewa fadama ta fara. Ajujuwa huɗu ne na laka da rufin kwano, sai wata tsamiya da hedimasta ya mayar ofishinsa, don ɗakin da aka ba shi jemagu sun riga shi shiga. Ni kaɗai ce mace a cikin malaman. Shekarata biyu da fitowa daga makarantar horon malamai, ina taku ɗai-ɗai, ina ji da kaina kamar ni na ƙago alli.

Kwali uku aka sauke daga motar gwamnati. Jan littafi na lissafi ne, kore na koya wa yara zama da juna, rawaya kuma wai na koya musu haƙuri idan zamani ya canza. Haƙuri fa! Yaran da bara suka ga iyayensu mata suna tafasa ganye ba gishiri, su za a koya wa haƙuri da littafi mai hoto. Wanda ya kawo su wani jami'in ilimi ne daga babban birni, kuma shi ne ya shugabanci waɗanda suka rubuta su. Wannan bai bari mun tambaya ba, sau huɗu ya faɗa kafin ya zauna a kujerar da aka ba shi. An ce wata tara ya yi a ƙasar Turawa. Wata tara kacal, amma ya dawo Hausarsa ta karkace, ba ya iya gama magana sai ya liƙa mata Turanci a gindi. Kwat yake sawa a watan da ko kare ba ya fita rana, gumi na bin wuyansa, shi kuwa ko a jikinsa.

Bayan an tashi na zauna da littattafan a gindin tsamiya, ina buɗewa ina tsaki. Saniyar da aka zana a jan littafin ba ta da tozo, ba ta da ƙaho, ga hantsa har ƙasa. Ban san saniyar wane gari ba ce, mu dai ba mu taɓa ganin irinta ta bi burtali ba. Masuncin da ke ciki ya zauna a bakin ruwa da 'yar sanda da zare, ya miƙe ƙafa, alhali kowane yaro a ajina ya san masuncinmu a kan gora yake kifa ciki ya bi ruwa da komarsa. A koren littafi akwai ɗan manomi da ɗan makiyayi sun riƙe hannu suna dariya a tsakiyar gonar shinkafa, shanu sun kewaye su. A tsakiyar shinkafa, jama'a! Duk wanda ya zana wannan bai taɓa ganin abin da ke biyo baya ba idan saniya ɗaya ta sa baki a shinkafar mutum. Rawayan ya fi ba ni haushi. Wani gida ne kogi ya ƙafe musu, sai ga su a shafi na gaba sun hau mota da kayansu, uwa da uba da yara kowa haƙora a waje, za su birni. An rubuta a ƙasa wai canji abokinmu ne. Na ce tir, na rufe.

Duk wannan shirme ne kawai, irin wanda yara za su yi wa dariya su wuce. Shafi ɗaya ne a jan littafin ya tsaya mini a rai. An ware shi musamman, an rubuta a samansa cewa na 'ya'yan makiyaya ne, don su ma su ji an sa da su. Layi uku ne da gurbin cikewa. Shanun babana kaza ne. Kaza sun tafi. Saura kaza.

Ni ba baƙuwar wannan magana ba ce. Kakata ta wajen uba a ruga aka haife ta, aure ne ya shigo da ita gari, kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa bari an ƙirga ko kajinta a gabanta ba. Kana fara "ɗaya, biyu" za ta buge maka yatsa. Makiyayi ba ya ƙirga shanunsa da baki, ba ya faɗin yawansu ko ga ɗan'uwansa. Sanin su yake yi ɗaya bayan ɗaya, wannan 'yar wance ce, waccan jikar wance, in guda ta ɓace tun daga nesa zai gane ba tare da ya ƙirga ba. Wasu na cewa tsoron baki ne, wasu na cewa gudun masu karɓar jangali, harajin shanu, ne ya daɗe har ya zama al'ada. Ni dai abin da na sani, ka tambayi mutum yawan shanunsa daidai yake da ka ɗage masa riga a kasuwa. A duk makarantarmu kuwa 'yar makiyayi ɗaya ce tak. Tana ajina, ni na kawo ta.

Yadda na same ta ma abin dariya ne. Rugarsu na can bakin fadama, ita da uwarta suke wucewa ta bayan ajina da ƙwaryar nono kowace safiya. Wata rana na tsayar da ɗan mai unguwa, wani ƙato da ya maimaita aji sau biyu, na ce masa bakwai a tara da takwas. Ya gama da yatsun hannu, ya sunkuya ya leƙa na ƙafa, ya ɗago ya ce goma sha biyu. Sai muka ji an fashe da dariya daga waje. Na leƙa taga a fusace, sai ga wata siririyar yarinya, ba za ta wuce shekara tara ba, da 'yar ƙwarya a ka, ta toshe baki da hannu. Na ce, "Ke! Mene ne abin dariya? In kin isa faɗi." Ta ce goma sha biyar, ta zuba da gudu, nono na fallatsa.

Sau biyar na je rugar nan kafin ubanta ya yarda. Dattijo ne dogo mai magana a hankali, kuma shi ne bakin mutanen rugar. In an yi ɓarna a gona shi ake kira, in manoma sun toshe burtali shi ke zuwa gaban mai unguwa. Ana jin maganarsa don kowa na ganin garkensa. Fari ya share na mutane da yawa, amma shi kullum da safe sai ya koro shanu rututu ta gefen makaranta zuwa inda sauran ciyawar burugu ta rage a fadama, mutane na cewa Allah ya tsare wa dattijon nan dukiyarsa. Ina kiransa Baffa, yana kirana Malama. Na yi masa ɗan Fillancin da na tsinta a bakin kakata, ya yi murmushi jin yadda nake karya shi, ya tambayi asalinmu, na faɗa. A zuwa na biyar ya ce, "Malama, da namiji ne ya zo ba zan bayar ba. Ke kin san mu. Ta je ta koyi karatu. Amma ranar da aka kunyata mu a makarantar nan, ranar ta bar ta." Na dafa ƙirji na ce, "Haba Baffa, ina raye?" Ka ji cika baki.

Da farko yara sun sa ta a gaba. Ba mai zama kusa da ita, wai tana warin man shanu, sai ka ce su turare suke zuwa da shi ba ƙarnin kifi ba. Na fasa bakin mutum biyu da rula, aka samu sauƙi. Kafin wata uku waɗanda suke toshe hanci su ne suke miƙa wuya suna leƙen allonta. Ba ta da surutu, sai an tambaye ta take magana, amma lissafi a kanta yake zaune, kafin na gama rubuta tambaya ta gama. Abu ɗaya ne ba ta jurewa, a ce amsarta ba daidai ba ce alhali daidai ce. Nan za ka ga jijiyar wuyanta ta tashi. Ni kuwa ta ɗauke ni kamar uwa. Duk abin da na ce ta yi, ba ta tambayar dalili.

To, jami'in nan da zai tafi ya ce zai dawo bayan mako biyu ya koyar da darasi da kansa, don mu ga yadda ake amfani da littattafan. Za a gayyato hedimastoci daga wajen Malam Madori da Kirikasamma su kalla su koya. Hedimastanmu, wanda bakinsa ba ya riƙe komai in ya ga babba, ya yi wuf ya ce ai muna ma da 'yar Fulani a aji uku. Idon mutumin ya yi ƙyalli. Ya ce madalla, ai ita aka rubuta wa shafin, da ita za a yi.

Na yi ƙoƙari, kada a ce ban yi ba, amma ƙoƙarin ragwaye. Na bi shi har bakin mota na rusuna na ce, "Ranka ya daɗe, shafin nan na shanu, da an tsallake shi. Mutanen nan ba sa ƙirga shanu."

Ya cire tabarau ya goge, ya dube ni irin kallon da ake yi wa yaron da ya yi fitsarin kwance. Ya ce, "Malama, ai shi ya sa muka rubuta shi. Camfin nan shi muka zo cirewa. Yaro da abin da ya sani yake koyon lissafi, haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba." Ya mayar da tabarau. "Ba ke ce aka sa sunanki cikin masu tafiya kwas na ƙarin girma ba? A teburina takardun suke." Ba da faɗa ya faɗa ba, yana murmushi ne. Hedimasta ya galla mini harara ta bayan kafaɗarsa. Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe," na ja da baya.

Mako biyu nake da su. Da na tare uwarta a bayan aji na ce yarinya ta zauna a gida ranar, da shi ke nan an wuce wurin. Na yi tunanin haka, wallahi na yi, har sau biyu na buɗe baki. Sai na ce a raina in ba ta zo ba jami'in zai san ni ce na hana. Sai kuma na shiga lallashin kaina: to in ma ta faɗa, me zai faru? Garke ne babba kowa na gani, abin alfahari ne ma, Baffa zai ɗan ɓata rai in je in ba shi haƙuri. Haka na yi ta kitsa wa kaina ƙarya har ranar ta zo.

An share aji, an yayyafa ruwa, an jera wa baƙi benci a baya. Mai unguwa ya zo da babbar rigarsa aka ba shi kujera. Tagogi duka biyu sun cika da kawunan mutane, mata masu dawowa daga talla da 'yan zaman kashe wando, don gari ya ji wai za a yi sabon karatu. Jami'in ya fara da koren littafi. Ya sa yara suka riƙe hannun juna suka ce dukansu ɗaya ne, sau uku, har da ɗaga murya. Sannan ya ɗauki ja ya ce, "Ina 'yar Fulanin? Zo nan, 'yata." Ko sunanta bai tambaya ba. Ta fito ta tsaya gaban allo, hannuwa a baya. Ya sa aka tafa mata tun ba ta yi komai ba.

Ya ce, "Kafin fari, shanun babanki nawa ne?"

Ta dubi ƙasa.

Ya maimaita da ƙarfi yana rarraba kalmomin, sai ka ce kurma ya samu. Ba ta motsa ba. Ya juya ga baƙi ya yi wata magana da Turanci, suka yi dariyar da ake yi wa babba ko ba a ji abin da ya ce ba. Na ji sanyi a raina, na ce shi ke nan, zai gaji ya kira wani. Ina! Ashe yana da dabara, kuma da ita yake taƙama. Ya ɗauki alli ya ce, "To, ba sai kin ƙirga ba. Ai an ce kun san su ɗaya bayan ɗaya. Ke faɗa mini su, ni zan riƙa jan layi."

Nan ta ɗago. Ba shi ta duba ba, ni ta duba, ina tsaye a bakin ƙofa. Tambayata take yi da ido. Ni kuwa na gyaɗa mata kai, na ce ta faɗa. Da a ce da Hausa na faɗa, da abin ya zo da sauƙi. Da Fillanci na faɗa mata, a hankali, yadda za ta ji kamar daga gida umarnin ya fito. Wannan shi ne abin da na kasa yafe wa kaina.

Ta fara. Fara mai dogon ƙaho, uwar garke. Ya ja layi. 'Yarta mai baƙin kunne. Ya ja layi. Ja mai harbi in ana tatsa, da ƙanwarta da ba ta yarda da kowa sai Inna. Mai karyayyen ƙaho da ta taɓa faɗawa rami. Bijimin da Baffa yake ɗora ta a kai in za a haye ruwa. Tana faɗa muryarta na sakewa, har ta fara ɗan murmushi, don abin da ta sani ne kuma ba wanda ya taɓa tambayarta. Shi kuwa yana ta jan layi yana juyowa yana kallon baƙi, a ga gwaninta. Da ta ce shi ke nan, ya sa aji duka suka ƙirga da baki ɗaya, da ƙarfi, yana nunawa da rula. Ɗaya, biyu, uku, har ashirin da uku. Wata tsohuwa a taga ta ce a'uzubillahi, ta janye kanta.

Ya rubuta ashirin da uku a gefe. Ya miƙa mata tsumman goge allo ya ce, "Yauwa. Yanzu duk wadda ta tafi, goge layinta."

Ba a jere ta goge ba. Ta san wane layi ne wace saniya. Ta miƙa hannu can tsakiya ta goge ɗaya, ta ce wannan a bakin tafkin da ya ƙafe ta kwanta ba ta tashi ba. Ta dawo farko ta goge uwar garke, ta ce ita Baffa ya yanka da kansa don kada ta mutu mushe. Wannan a hanyar Malam Madori ta faɗi, ba a kai kasuwa da ita ba. Wannan da ɗanta rana ɗaya. Ba wanda ya ce ta yi bayani, ita ce dai ba ta iya goge su haka kawai ba. Har 'yan bayan da ba sa rabo da tsunkulin juna suka daina. Wani hedimasta daga cikin baƙi, dattijo, ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Mutum ɗaya ne a ɗakin bai ji komai ba. Duk layin da ta goge sai ya ce "Yauwa!" yana ƙirgawa da yatsa. Da ta zo kan bijimin ta ɗan tsaya, sannan ta goge shi ba ta ce komai ba.

Layi biyu suka rage, ɗaya a nan ɗaya can nesa da shi.

Ya ce, "Ashirin da uku, a ɗebe ashirin da ɗaya. Saura nawa?"

Ta ce, "Biyu."

"A tafa mata!"

Tafin bai yi ƙarfi ba. Ana cikin haka ne ɗan mai unguwa, wanda bai manta dariyar da ta yi masa ba, ya miƙe ya ce, "Ƙarya ne, ba daidai ba ne! Ai kullum muna ganin babanta da shanu sun fi haka yawa."

Wanda yake da hankali ko kaɗan zai ce yaro ya zauna. Shi kuwa gogan naka daɗi ya ji, wai aji ya ɗauki zafi. Ya juya gare ta ya ce, "To, kin ji. An ce amsarki ba daidai ba ce. Me kika ce?"

Na ga jijiyar wuyanta ta tashi. Na ɗaga ƙafa zan shiga, ban kai ba. Ta ce da ƙarfi, yadda har na waje suka ji, "Daidai ne! Waɗancan ba namu ba ne. Na mutanen gari ne, kiwo aka ba Baffa. Namu biyu ne."

Mai unguwa ya gyara zama ya ce, "Ashe!" Kalma ɗaya ke nan, amma na san an gama. Kawunan da ke taga suka fara raguwa, kowa na sauri ya riga wani kai labari.

Kana tsammanin jami'in ya lura? Ko kusa. Ya ɗauko rawayan littafi ya ce ga shi kuwa an zo daidai wurin. Ya tsayar da ita a nan gaban allo, da tsumma a hannunta, ya karanta mata labarin gidan da kogi ya ƙafe musu suka hau mota suna dariya. Ya nuna mata hoton. Ya ce ta ga, ba abin baƙin ciki ba ne, kowa da irin canjin da yake samunsa. Ya ba ta littafin kyauta, ya sa aka sake tafawa. Da aka tashi ya ce wa baƙi a duk yawonsa bai taɓa ganin darasin da ya tafi yadda ake so kamar wannan ba. Hedimasta na biye da shi yana "ƙwarai, ranka ya daɗe, ƙwarai." Aka kai shi gindin tsamiya ya ci kaza, ya wanke hannu, ya shiga mota.

Kafin la'asar labari ya gama kasuwa. Sai a lokacin na ji yadda abin yake. Mutum uku ne a cikin gari, 'yan kasuwa, suka sayi shanu da arha lokacin fari suka ba Baffa kiwo, kuma su ukun nan ba wanda ya taɓa buɗe baki ya ce nasa ne. Sun san mutumin, sun rufa masa asiri shekara guda cur. Ba su yi makarantar boko ba, ba wanda ya ba su koren littafi. Mu masu littafi muka tone shi a darasi ɗaya, kafin a buga ƙararrawar tara.

Washegari ba ta zo ba. Jibi ma haka. A rana ta uku aka yi wata 'yar rigima a kan burtali, Baffa ya je gaban mai unguwa kamar yadda ya saba. Bai gama sallama ba wani manomi ya ce a kira masu shanun su zo da kansu, shi ba zai yi magana da yaron kiwo ba. Aka yi dariya. Dattijon da a haife ya haifi wanda ya faɗi hakan. An ce Baffa ya ɗauki sandarsa ya saɓa a kafaɗa ya juya.

In kana son sani, na tafi kwas ɗin. Rahoton da aka rubuta a kaina har da yabo, wai ina da hazaƙa wajen jawo 'ya'yan makiyaya makaranta. Littattafan kuwa ba su kai damina biyu ba, gara ta ci rabi, sauran masu ƙosai suka ƙarasa. Shi ma mutumin na ji an ƙara masa girma, ban yi mamaki ba.

Sai rana ta biyar na iya zuwa rugar, don kunya da tsoro. Na tarar ana kwance bukkoki. Garken babu, an mayar wa masu shi tun jiya. Jakuna biyu ne ake ɗora wa kaya, sai shanu biyu ɗaure a gindin wata goruba. Na so a ce Baffa ya zage ni. Wallahi da ya ɗaga sanda ya maka mini da na ji daɗi. A'a. Ya sa aka shimfiɗa mini tabarmar da aka riga aka naɗe, ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida, ya tambayi hedimasta, ya tambaya ko baƙonmu ya koma lafiya. Ya sa matarsa ta kawo mini kindirmo a ƙwarya. Na riƙe ƙwaryar a hannu ban sha ba.

Na ce, "Baffa, na zo ne in…"

Ya ɗaga hannu. "Ba komai, Malama. Yarinya ba ta yi ƙarya ba."

Na tambayi inda za su. Ya ce gabas, inda ba a san su ba. Nan na zube, na manta da duk wani taku, na ce ya bar mini ita. Ta zauna a ɗakina, in ci da ita in sha da ita, ta gama firamare, yarinyar nan kanta ba irin na kowa ba ne, za ta yi nisa. Ina magana ina kuka, majina da hawaye. Ya bari na gama. Sannan ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba tun da na san shi. Ni na sunkuyar da kai, na ajiye ƙwaryar, na yi sallama.

Na yi nisa kaɗan a kan hanya sai na ji gudu a bayana. Ita ce. Ta tsaya tana haki, da igiyar ɗaure kaya a hannunta. Na ɗauka kuka za ta yi, ko ta ce me ya sa na ce ta faɗa. Na shirya wa wannan.

Ta ce, "Malama, shi baƙon bai sa mini maki ba. Biyun daidai ne? Na ci?"

Na ce, "Daidai ne. Kin ci."

Ta yi murmushi, ta gyaɗa kai, ta juya da gudu don uwarta na kiranta a ɗaure kaya. Ban sake ganinta ba.